Kujerar da Saimi Ta Ƙi Bari

Tun da ƙanƙara ta fara narkewa a Tampere sa'a ta juya wa Saimi Kurkela ƙeya, kuma ba juyin wasa ba. In ta riƙe as biyu, katin da ya fi kowanne girma, sai abokin karawa ya shigo da wani tarkacen kati da ko kare ba zai sunsuna ba, katin ƙarshe ya faɗo ya ɗinke masa ɓaraka. In ta yi burga a cafke ta, in ta zo da gaskiya kowa ya ranta a na kare. 'Yan poka, wato cacar karta, suna da sunan da suka ba wannan abu, wai shi lilo: yau kana sama, gobe kana ƙasa, ba ruwansa da iyawarka. Saimi takan ce nata lilon ba ƙasa ya yi ba, igiyar ce ta tsinke.

Duk da haka kujerar tana hannunta, kuma a kan kujerar ake wannan rigima.

A shafin intanet ɗin da suke wasa akwai wani teburi na mutum biyu da ya fi kowanne tsada. Nan attajirai suke faɗowa, masu kamfanin katako da tsofaffin 'yan wasan ƙanƙara da kuɗi ya yi wa yawa, su zubar da abin da zai sayi gida suna hamma. Kifi ake ce musu, kuma wanda kifi ya tarar a zaune shi ke da shi. Shi ya sa ƙwararru suka yi wa kansu doka. Ba a rubuce take ba, amma ko ɗan koyo ya san ta: mai son zama a kujerar dole ya kara da duk ƙwararren da ya zo ya ja da shi, wanda kuwa ya fara rufe teburin ya tashi, to ya bar wa ɗayan ke nan, ba zai sake ɗosana mazaunansa a wurin ba. Saimi ta ƙwace ta ne a kakar bara daga hannun wani ɗan Suwidin mai yawan surutu, kuma tun daga ranar ake jiran a ga wanda zai tuge ta.

Torsti Ojanperä ne ya ce shi zai yi aikin. Farfesa ake kiransa, don ya baro karatun lissafi a jami'a amma bai baro lacca ba. Mutum ne da in ka tambaye shi gishiri sai ya faɗa maka tarihin teku. A zauren hirar 'yan poka na waya ya rubuta cewa yarinyar nan sa'a ce ta ɗora ta, ga shi sa'ar ta zo karɓar kayanta, shi kuma ranar Asabar da rana zai zo ya kaɗe ƙurar kujerar. Saimi ba ta bari maganar ta huce ba.

"Ka taho da tabaranka da matashin jingina, Baba Farfesa," ta rubuta masa. "Zaman zai yi tsawo, kuma wannan bayan naka ba na yara ba ne."

Zaure ya kaure da dariya. Ita kaɗai ta san cewa bakin ya fi aljihun nauyi.

Ba yau suka fara ba. A bikin tsakiyar bazara na bara 'yan poka sun kama wani gidan katako a bakin tafki, maza suka shiga sauna, ɗakin wankan tururi, suka fito jajur suna tururi, sai ga Torsti da agogo ɗaure a hannu, ƙarfen har ya yi masa shaida a fata. Saimi ta tambaye shi ko jirgi zai kama a cikin tururin. Maimakon ya yi dariya sai ya gyara tawul ya buɗe aji. Wai ɗan Adam ba ya iya ɓoye halinsa, in ya bar wa zuciyarsa zaɓin lokacin burga to sai an karance shi kamar jarida, don haka mai hankali yakan miƙa zaɓin ga abin da ba shi da zuciya. Ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce. Ba wanda ya saurare shi, don tsiran da ke kan wuta ya fara ƙonewa.

Saimi tana zaune ne da yayanta Aatos a wani bene kusa da kogi. Aatos direban jirgin ƙasa ne, bai san komai a karta ba, kuma yana alfahari da hakan. Abu biyu yake ji da su a duniya. Na farko agogon bango irin na tasha da ya rataya a falo, fari fat da jan tsinken daƙiƙa, mai saita kansa da kansa, wanda Aatos ke rantsuwa ko numfashi ɗaya ba ya kuskurewa. Na biyu kuwa layinsu na saunar gidan, Asabar ƙarfe shida, wanda ya daɗe yana fako kafin ya samu. Ranar karawar tun da safe ya ja mata kunne: ta ci, a ci ta, duk ba ruwansa, amma shida ta yi mata a ƙasa da tawul a kafaɗa.

"Ka shiga da nawa rabon, Yaya, ka yi gumin mutum biyu," in ji ta.

Ya ce a gidansu ba a taɓa haihuwar wanda ya tsallake saunar Asabar saboda wasan yara ba. Ya shiga kicin ya ɗora miyar kifi.

Da rana ta take, Torsti ya zauna. Wasan ba shi da wuya a baki. Kowa a ba shi kati biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya, uku tare, sannan na huɗu, sannan na ƙarshe, ana zuba kuɗi tsakanin kowace shimfiɗa. Ko dai katinka ya fi, ko ka razana mutum ya zubar da nasa. In a fili ne za ka ga gumin mutum da rawar yatsunsa. A kwamfuta kuwa babu fuska babu ido, sai suna da lamba da ɗan jinkirin da mutum ya yi kafin ya danna. Shi kuwa Torsti ko jinkirin ba ya bayarwa. Da kaya a hannunsa ko babu, tsawon shirunsa ɗaya ne, sai ka ce famfo mai ɗiga.

Farkon wasan ya tafi yadda watannin baya suka saba tafiya. Saimi ta haɗa sarki uku, Torsti ya haɗa jere, kati biyar masu bin juna a lamba, ya doke ta a katin ƙarshe. Ta sake zuba kuɗi a teburin, ta haɗa jere, shi ya fito da biyar masu fure ɗaya. 'Yan kallo a zaure suka fara yi mata ta'aziyya tun tana da rai. Wani ya ce a nemo mata aiki a rumfar kifi ta kasuwa tunda ta saba da ƙarni, wani ya ce ai teburan ƙasa ma akwai kujeru masu laushi. Torsti sau ɗaya kawai ya tanka, da ya rubuta a gefen teburin: "Ba laifinki ba ne, yarinya. Lissafi ne."

Da a ce watan jiya ne, da tuni wani abu ya fashe a falon. A watan ne ta maka kofin kofi da bango har sai da maƙwabciya ta buga ƙofa. Tun daga nan ta yi wa kanta wata 'yar dabara: duk lokacin da jini ya hau mata kai, sai ta ɗauke ido daga kwamfutar ta kafa wa agogon Aatos, ta bi jan tsinken tana jan numfashi. Ranar nan kuwa jinin bai sauka ba sam. Don haka kusan duk katin da ya faɗo a tsakiya, in dannawar ta Torsti ce, idonta na kan bango, tana jiran ƙarar da kwamfuta ke yi in ya gama shirunsa.

A haka ta kama shi da burga karo na farko, ƙaramar burga, ba ta ko isa kuɗin miya ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, lokacin da katin ya faɗo jan tsinken yana gangarowa ta dama. Can an jima ta sake kama shi da hannu wayam, tsinken kuma yana gangarowa. Ta ce a ranta daidaituwa ce kawai, mai asara ba abin da ba ya gani, har fuskar kakarsa yakan gani a gindin kofi. Sai wani hannu ya zo inda duk ɗan poka mai jini a jika zai yi burga, tsakiya ta yi muni, ita kuma ta nuna rauni ƙarara. Katin ya faɗo tsinken yana hawa ta hagu. Torsti ya wuce bai zuba ko sisi ba, aka buɗe, ba shi da komai.

Nan ta tuna da jan shaidar nan a hannunsa da farcen da ya ƙwanƙwasa gilashi.

Ashe Farfesa ya raba fuskar agogonsa biyu. In ba shi da kaya kuma lissafi ya ce a yi burga rabin lokaci, sai ya saci kallon hannunsa da zarar kati ya faɗo: tsinke na sauka ya zuba, tsinke na hawa ya haƙura. Dabara ce mai kyau a falon caca, inda ba mai leƙa maka hannu. Abin da bai taɓa faɗo masa ba shi ne, agogonsa mai tsada da na bangon direban jirgi duk daƙiƙa ɗaya suke bugawa. Ya gudu daga zuciyarsa don kada a karance shi, ya je ya ɓuya a wurin da duk ƙasar ke kallo.

Saimi ba ta yi saurin yarda ba. Ta sayi labari da kuɗinta, ta riƙa amsa masa ƙananan zubi da katin banza don kawai a buɗe ta ga abin da ya riƙe. In ya zuba tsinke na hawa, kaya ne, ko yaushe. In ya zuba tsinke na sauka, wani lokacin kaya ne, amma sau da yawa iska ce. 'Yan zaure suka ce ta zare, tana rabon sadaka. Ita kuwa murmushi ya fara taruwa mata a gefen baki, har Aatos da ya kawo mata miya da baƙin burodi ya tsaya yana dubanta, ya tambaya ko ci take yi. Ta ce a'a, cin ta ake yi. Ya ce to wannan murmushin na asibiti ne.

Babban hannun ya zo da la'asar sakaliya. Tana riƙe da huɗu da biyar. Aka shimfiɗa sarki da takwas da huɗu, wato ta samu tagwayen huɗu, abin da ko gaisuwa bai isa ba a irin wannan teburi. Torsti ya zuba, ta amsa. Kati na huɗu ya faɗo, biyu ce, idonta na bango: tsinken ya baro sama ke nan yana gangarowa. Aka yi shirun nan nasa na famfo, sai ya turo duk abin da ke gabansa.

Duk littafin da aka taɓa rubutawa a kan poka cewa zai yi ta zubar. Tsinke na sauka ba ya nufin ba shi da sarki, yana nufin dai iska ta fi yawa a buhun.  Ta ce da kwamfutar, kamar yana jinta, "Mu gani, Baba," ta danna.

Aka buɗe katin kowa. Bakwai da shida gare shi. Ba tagwaye, ba komai, sai fata. A zaure ba wanda ya taɓa ganin an tuɓe Farfesa haka a kasuwa. In za a buga wannan hannun sau biyar, huɗu nata ne.

Katin ƙarshe ya faɗo. Bakwai.

Tagwayen bakwai sun doke tagwayen huɗu, tulin kuɗin ya zame ya koma gefensa da 'yar ƙarar nan mai daɗi da shafin ke yi, kamar ana zuba tsaba a faranti. Saimi ta zauna hannuwanta a cinya. Ba ta jefa komai ba. Ta bi jan tsinken ya zagaya, ya sake zagayawa, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da ya rage mata a asusun wasa zubi ɗaya ne, in ya tafi babu na sake zama, tashi ya zama dole ko tana so ko ba ta so.

Aatos bai iya karta ba amma ya iya fuskar ƙanwarsa. Ya jawo kujerar kicin ya zauna kusa da ita, ya yi magana a hankali yadda yake yi in abu ya dame shi. Ya ce shi a aikinsu in hanya ta nuna ja tsayawa ake yi, ba a cewa ai jiya kore ce. Ya ce ba wanda zai zage ta, ta yi abin da za ta iya, ta rufe ta zo su sauka, tururi zai wanke sauran.

"Yaya, ka ga abin da ya riƙe?"

"Na ga ya kwashe kuɗin."

"Kuɗin ya kwashe. Ni kuma na ga cikinsa." Ta jawo linzamin kwamfutar. "Wata da watanni ana cina ban san dalili ba, ban tashi ba. Yau da na san ina da gaskiya ne zan tashi? Bakwai ɗin nan ba ta san ni ba, ba ta san shi ba, faɗowa kawai ta yi. In dai a wannan ramin zai ci gaba da sa ƙafa, to ni ina bakin ramin har a kashe wutar garin nan."

Ta zuba na ƙarshen.

Torsti ya rubuto cewa ya yaba da ƙarfin halinta, amma amsa irin wannan da tagwayen huɗu ba wasa ba ne, ciwo ne, kuma akwai masu ba da shawara kyauta a kan irinsa. Yatsunta suka yi ƙaiƙayi. Amsar tana nan a bakinta, mai zafi, mai daɗi, wadda za a shekara ana maimaitawa a zaure: ƙarfe nawa ne a wajenka, Farfesa? Har ta rubuta. Ta zauna tana kallon kalmomin kamar mai azumi a gaban tsire. Duk Tampere an san Saimi ba ta haɗiye magana, tun tana makarantar firamare bakinta ke ja mata tsayuwa a ƙofar aji. Amma in ta aika, mutumin zai cire agogon ya jefa a aljihun tebur, ita kuma ta koma makauniya da zubi ɗaya a hannu. Ta goge harafi bayan harafi, ta aika masa da hoton fuska mai hawaye.

Daga nan wasan ya canza kama, ko da yake ba a lokaci ɗaya ba. In ya zuba tsinke na sauka, ta manne masa kamar ƙaya a zani. Wani lokacin ta tarar da kaya ta biya, ba ta ko ƙifta ido. Sau da yawa kuwa iska take tararwa. In ya wuce tsinke na hawa, ta san ba lallai ne yana da komai ba, sai ta kai hannu ta ɗauke abin da ke tsakiya. Tulinta ya fara tashi kaɗan-kaɗan, ya faɗi, ya sake tashi ya wuce inda yake.

Shida saura kaɗan aka raba mata as biyu, karo na farko a ranar. Aka shimfiɗa sarki da tara da uku, ta zuba, ya amsa, tsakiya ta yi nauyi. Daidai lokacin da kati na huɗu zai faɗo, sai ga Aatos ya fito daga ɗaki da tawul a wuya da bokitin katako a hannu, ya tsaya ƙiƙam a gaban agogon yana gyara gashinsa a gilashin.

"Matsa!"

Ya yi tsalle gefe har ludayin ya faɗi. Tsinken yana hagu, ya kusa kaiwa sama. Ko da ta cire ɗan lokacin da ƙaton kan yayanta ya tare, katin a hawa ya faɗo, ba tantama. Shiru irin na famfo. Torsti ya turo duka.

As biyu. Wata nawa tana jiran su zo su tsaya mata. Wanda duk ya zubar da as biyu a nan, in aka ji, sai an yi masa waƙa. Amma mutumin nan tun da rana bai taɓa yin burga tsinke na hawa ba, kuma abin da zai turo duka da shi da gaske ya fi ƙarfin tagwaye, ko da na as ne. Ta ja tsaki mai tsawo, ta zubar da su a rufe, ba ta nuna wa kowa ba.

Shi ne ya kasa haƙuri. Ya buɗe nasa don a gani: sarki biyu a hannu, ga na uku a tsakiya. Ya yi haka ne don ya ƙona mata rai, amma duk wanda ya iya wasa a zauren ya fahimci abin da ya faru. Yarinyar da ta amsa da tagwayen huɗu lokacin da ba shi da komai, ita ce ta sulale lokacin da ya haɗa sarki uku. Masu yi mata ta'aziyya suka fara share saƙonninsu.

Aatos ya tsince ludayinsa, ya dube ta, ya dubi agogon, ya ce bai san abin da ke tsakaninta da agogonsa ba kuma ba ya son sani, amma shida ta yi. Ta ce ya gaishe da duwatsun saunar masu zafi. Ya fita yana gunaguni a kan tarbiyyar yaran zamani, alhali shekara huɗu ya ba ta.

Abin da ya biyo baya ba daɗin kallo gare shi ba in kana son Torsti. Mutumin da ya gina gidansa a kan cewa ba a iya karanta shi, ga shi ana karanta shi, kuma ya rasa ta ina. Ya sauya yawan abin da yake zubawa. Ya sauya tsawon shirunsa, famfon ya fara ɗiga ba tsari. Komai ya taɓa ban da abu ɗayan nan, don a ganinsa agogo ne kaɗai abin da ba zai ci amanarsa ba. Da ya ji ƙasa na zamewa sai ya ƙara riƙe shi. Sa'a ma ba ta daina wasanta ba, ta sake ba shi wani katin ƙarshe da bai cancanta ba, Saimi ta bi tsinkenta ta zagaya, ta dawo ta ci gaba da tatsa.

Can sai ya rubuto, ba yarinya ba komai, wai wace na'ura take amfani da ita, don mutum ba ya wasa haka, kuma zai kai ƙara wurin masu shafin a binciki kwamfutarta. Ta ce bismillar bincike, har kicin su duba in suna so, akwai sauran miya. Ya sake rubutowa: to ta yaya?

Wannan karon ba ta sha wahalar zaɓen amsa ba.

"Sa'a ce, Farfesa. Ai kai ka faɗa."

Ya ƙara buga 'yan hannuwa, a sanyaye, yana zubar da kati tun kafin a matsa masa. Sannan ya rubuta cewa layinsa na sauna ƙarfe bakwai ne, ba zai tsallake shi saboda wannan shirme ba, za su ƙarasa wata rana. Sunansa ya ɓace daga teburin.

Zaure ya san doka, kuma zaure ba ya da tausayi. Nan take aka tuna masa cewa babu wata rana, tashi tashi ne, ko sauna ce ta kira ka ko gobara. Wani ya ce ya shiga da agogonsa kada ya makara. Saimi ta ga wannan saƙon, ta zuba ido ta ga ko wani zai ɗauki zaren, amma ba wanda ya kula, an riga an koma tsokanar wanda ya ce a nemo mata aiki a rumfar kifi.

Aatos ya dawo jajur kamar dafaffen ƙaguwa, yana ƙamshin ganyen wanka, ya tarar da ita inda ya bar ta, ƙafa ɗaya a kan tebur, miya ta sandare a kwano. Ya tambaya ko ta ci. Ta ce in kuɗi yake nufi, har yanzu ba ta mayar da duk abin da ta zauna da shi da rana ba, bakwai ɗin nan ta tafi da rabonta kuma ba za ta dawo da shi ba.

"To murnar me kike yi?"

Ta juya masa kwamfutar. Teburi ne kore, kujera biyu, ɗaya wayam, ɗayar da sunanta a kai.

Ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai bai ga abin da ya kai saunar Asabar a nan ba. Sannan ya ce tunda agogonsa ya yi aiki, gobe in ya je wurin abokansa zai ba da labari, a san cewa kayan tasha ba na ado ba ne. Saimi ta sauke ƙafarta. Ta gaya masa, da murya mai daɗi, cewa ranar da ya ambaci agogon nan a waje, ko da cikin barci ne, ranar za ta sauka ta sa hannu ta bar wa maƙwabciya layin ƙarfe shida har abada. Farfesa yana da sauran tebura a shafin, kuma yana da sauran kuɗi, ita kuma ba ta gama da shi ba.

Kwamfutar ta yi 'yar ƙara. Wani suna da ba ta taɓa gani ba ya zauna a kujerar da Torsti ya bari, ya zuba kuɗi har iyakar abin da teburin ke karɓa, ya rubuta gaisuwa da tambayar ko jere ne ya fi ko masu fure ɗaya. Kifi ya faɗo ke nan.

"Yaya," in ji Saimi, tana gyara zama, "ɗora kofi. Kuma ka bi ta bayan kujera, kada ka tare mini bango."